Mai Fasa Dutse da Shanun Kakanni

Kin ce mini idan abu na kowa ne, gara mutum ɗaya ya ɗauke shi ya adana kafin a lalata shi. Ban musa miki ba a lokacin. Ga wani misali, ki auna shi da kanki.

Can arewa, inda ciyawa ke ƙarewa rairayi ya fara, akwai wani kwari da makiyaya ke sauka bayan damina. A bakin kwarin akwai wani jan dutse a tsaye kamar bangon ɗaki. A jikinsa magabata suka sassaƙa shanu masu dogayen ƙahoni, da raƙumin dawa ya miƙa wuya, da wata mace riƙe da ƙwarya. Babu wanda ya san hannun da ya yi aikin. Yau ko akuya da ƙyar take ƙoshi a wurin, amma dutsen yana shaida cewa an taɓa tatsar nono a nan har ya yi saura. Mutanen kwarin ba bauta masa suke yi ba. Abin da suka gada shi ne, ranar da za a fara sakin yaro da dabbobi shi kaɗai, kakarsa ta kai shi gaban dutsen, ta ɗora tafinsa a kan saniyar da ke gaba, ta ce masa, "Mun tarar, za mu bari." Saboda wannan ba a gini a kwarin, ba a haƙa, ba a kuma hana kowa kiwo.

Ana nan sai aka ga zinariya a yamma da su. Motoci suka fara ratsa kwarin. Baƙi suka rubuta sunayensu da fenti a wani dutse na kusa, wani kuma suka farfasa shi suka zuba a injin niƙa suna neman zinariya. Dattawa suka tashi wakilai zuwa ga hukuma, suna roƙon a zo a ga zanen a keɓe wurin. Aka ce musu za a zo, daga nan shiru.

A cikin mutanen kwarin akwai wani mai fasa dutsen niƙa, sana'ar da ya gada daga mahaifinsa. Yadda ake yi, a hura wuta a kan baƙin dutse har ya ɗauki zafi, a kwara masa ruwan sanyi, sai ya tsage a miƙe, a ɗaga falle guda. Bai taɓa ɓata dutse ba, kuma duk macen da ke kwarin a kan aikin hannunsa take niƙa. Duk motar da ya ji gabansa sai ya faɗi. Daga ƙarshe ya yanke a ransa zai ciro zanen falle-falle, ya ɗora wa raƙumi, ya kai cikin tsauni ya ɓoye har ƙura ta lafa. Yayarsa ta gan shi yana tara kashin raƙuma da busasshen itace, ta gane. Ta ce, "Kai da ko ludayin matarka ba ka ɗauka sai ka tambaya, yau kayan jama'a za ka ɗauka? Wa ya aike ka?" Ya ce, "Yaya, masu ofis sai sun gama shan shayi. Kafin su iso an niƙe mana kakanni an tankaɗe." Ta ce to ya gaya wa dattawa. Ya ce taro ba ya ɗaga dutse, sai dai ya ɗaga murya.

Da safe, bayan an kora dabbobi, ya hura wutarsa a gindin dutsen. Ya jira yadda ya saba jira, ya kwance bakin salkar ruwa, ya kwara. Abin da bai lura da shi ba, jan dutsen ba irin nasa ba ne. Yashi ne da ya dunƙule hawa-hawa, taushinsa ne ma ya sa magabata suka iya sassaƙa shi. Maimakon ya tsage ta baya, sai fuskarsa ta kumbura, ta fara zubowa kamar tsohon yaɓe. Mutumin ya kai hannu yana tarewa har tafukansa suka ƙone. Saniyar gaba ta fara tafiya, sauran suka bi ta, sai macen da ƙwaryarta. Da hayaƙi ya washe, abin da ya rage shi ne wuyan raƙumin dawa can sama, babu jiki.

Kafin wata ya ƙare sai ga ma'aikatan hukuma sun iso da gaske, da na'urar ɗaukar hoto. Suka tsaya gaban baƙin tabo, suka duba, suka ce ba su ga abin da za a keɓe ba. Shekara na zagayowa aka ba masu haƙa kwarin. Mutanen ba su doki ɗan'uwansu ba, ba su zage shi ba, don sun san ba mugunta ta kai shi ba. Suka naɗe tantunansu suka yi kudu. Shi ya ƙi bin su. Masu wucewa sun ce sun gan shi zaune a kan tabarma da ɓarɓashin dutse a gabansa, yana neman ya haɗa ƙaho da kai, iska tana kwashewa.

Ba na cewa tsoronsa ba shi da tushe. Baƙin nan da sun fasa dutsen, wataƙila. Amma abin da jama'a suka riƙe tare tun kaka da kakanni, shi kaɗai ya tashi ya cece shi da hannun da ya saba da wani aiki daban. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.