Mutum-mutumi da Kalmomin Nazifi

Yaya Barira, Allah Ya kai haske kabarinki. Yau ma ina zaune a ƙofar ɗakinki, inda kike zama kina tankaɗe, kuma maganar ɗanki ce na zo da ita.

Tun da kika tafi Nazifi ya ɗauki tsoron rubutu. Malamarsu ta ajin ƙananan yara ta kira ni, ta ce akwai 'yan kalmomin da ake so yaro ya gane da kallo ɗaya, kamar yadda yake gane fuskokin 'yan gidansu, ba sai ya tsaya haɗa baƙi da wasali ba. In bai kama su kafin hutu ba, abokansa za su wuce su bar shi a ajin. Kin san inda karatuna ya tsaya, amma na sayo alli. Kullum da la'asar sai in rubuta masa kalma a dakali, in goge, in rubuta wata, ina ta "Wannan fa? To wannan fa?" Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murza maɓallin rigarsa, ido taf da ƙwalla.

Rannan Gwaggo Tasalla tana tsinkar zogale tana kallonmu. Ta ce, "Malam Sabi'u, babban malami, ajiye allin nan kafin ka kore mana yaro daga gidan. Zo ka ji wani misali."

Ta ce wasu manoma biyu ne gonakinsu na gero suke maƙwabtaka, kowa ya kafa mutum-mutumi saboda tsuntsaye. Na farko bai taɓa barin nasa ya kwana biyu a wuri ɗaya ba. Yau yana gabas da jar hula, gobe yana yamma da baƙar riga, jibi an rataya masa gwangwani yana ƙara. Har aka yi girbi tsuntsaye daga nesa suke shawagi, ba wanda ya san fuskarsa, ba wanda ya yarda da shi.

Na biyu kuwa ya kafa nasa a tsakiyar gona ya tafi sabgarsa. Ranar farko tsuntsaye suka watse. Washegari suka sauka kan kargo suna leƙensa. Rana ta fito ta same shi a nan, ta faɗi ta bar shi a nan, raɓa ta jiƙa masa kafaɗa, iska ta kaɗa masa hannun riga, bai gusa ba. Sannu a hankali wani ɗan tsuntsu ya sauka a kafaɗarsa, ya ji ba abin da ya faru. Kafin gero ya nuna, wata tsuntsuwa ta yi sheƙa a cikin malafarsa.

Gwaggo ta watsa zogalen a faranti ta ce, "Manomi korar tsuntsu yake so. Kai so kake ya sauka. Me ya kai ka dabarar mai kora?"

Yaya, tun daga ranar ban sake goge komai ba. Na rubuta "ƙofa" a jikin ƙofa, "ruwa" a cikin inuwar randa, "tuwo" a bangon madafa. A jikin akwatinki kuma na rubuta "Umma", don haka yake kiranki. Ban tambaye shi ko ɗaya ba. In zan sha ruwa sai in taɓa rubutun in faɗa a hankali, kamar mai gaida maƙwabci, in wuce. Da farko kauce musu yake yi. Daga baya na gan shi yana bin na akwatin da yatsa, har allin ya yi masa fari a hannu.

Shekaranjiya da safe ina kai shi makaranta a kan keke, gari lumshe da hadari, wata motar itace ta sha gabanmu, bayanta cike da zane da rubutu. Sai na ji ya ja ni ta riga.

"Kawu, dubi irin na akwatinmu. Umma."

Na duba. "Addu'ar Umma" aka rubuta. Kalmar farko bai san ta ba, amma ta biyun ya tsince ta cikin duk wannan tarkacen, motar tana tafiya, kamar yadda da yake tsinto ki cikin taron mata a gidan biki. Ba rawar murya, ba ƙwalla. Ni ne ma na sauka na tura keken, don hanyar ta daina ganuwa sosai.

Ashe gaskiyar Hausawa ce da suka ce: ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Malamarsu ba ta ji ba, Gwaggo ma ba ta ji ba. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, Yaya. Na ga ke ya kamata ki fara ji.