Neman Mai Faɗa A Ji

Takarda ta uku ke nan Auta na yagewa tun safe. Injin markaɗen uwarta na ta ruri a ƙofar gida, mata sun yi layi da bokitai suna ta surutu, ita kuwa saura kwana huɗu ta tsaya gaban malamai.

Digiri na biyu take yi a kan dabarun isar da saƙo, wato sanin me za a faɗa, wa za a faɗa wa, kuma da bakin wa. Aikinta na ƙarshe ba na cikin aji ba ne. Hukuma ta gina sabuwar kasuwa mai bene, matan tsohuwar kasuwa suka ce ko tsintsiya ba za su ɗaga ba. Aka tura Auta ta gano yadda za a shawo kansu.

Farfesan da ke duba aikinta bai tsawaita ba. Ya ce, "Kowace kasuwa tana da baki ɗaya da sauran bakuna ke bi. Ki kawo min mai bakin nan da abin da yake so. In ba ki samo ba, sai baɗi."

Baɗi! Ita da ta riga ta maimaita shekara guda, waɗanda suka fara tare har sun ɗinka rigar aiki.

Ta zauna ta jera manya. Mai Atamfa, shugabar matan kasuwa. Sakatare mai tabarau. Hajiyar da ke da shago uku a jere. Ta buga tambayoyi a takarda ta raba wa duk wanda ya iya riƙe biro. Sati biyar tana sintiri, takalminta har ya buɗe baki.

Ta ce musu sabuwar kasuwa akwai inuwa da iska. Mai Atamfa ta ce, "Bari in kwana da maganar, 'yata." Washegari daga masu gishiri har masu kwanuka amsa ɗaya: mai sayen allura ba ya hawa bene.

Ta ce akwai famfo. Aka kwana, aka ce a nuna musu ruwan, ba famfon ba.

Ta ce za a kawo mota ta kwashe kaya kyauta. Aka kwana, aka ce wanda ya ba ka motar tafiya, tambaye shi ta dawowa.

Baki arba'in, magana ɗaya, ko wasali ba a canjawa. Wannan ba shawarar taro ba ce, mutum ɗaya ne ke yankawa a raba. Ta zargi sakatare, ta bi sawunsa yini biyu, a yini biyun ban da gidan kallon ƙwallo ba ta ga inda ya je ba. Ta zargi Hajiya mai shago uku, ta tarar ko gaisawa ba sa yi da rabin layin.

Zama ya gagare ta. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta zaga tsakar gida tana maimaita jawabinta da ƙarfi, tana nuna bango da biro.

Inna na wanke bakin inji, ta ce, "Ke, bangon nan da kike wa wa'azi, ya tuba kuwa?"

"Inna, don Allah. Aikin makaranta ne, ba za ki gane ba."

"Haka ne. Mu aji ɗaya muka yi, shi ma malamin bai cika zuwa ba."

Ta ci gaba da wankinta. Tun rasuwar mijinta injin nan ne ya ciyar da 'ya'ya huɗu, kuma ba a taɓa jin ta ce wa wani taimaka ba.

Ran Laraba Auta ta fito da kibiyarta ta ƙarshe. Ta roƙi hukuma har aka yarda a bar wa tsofaffi da masu ƙananan kaya shagunan ƙasa. Ta rubuta, ta miƙa wa Mai Atamfa hannu biyu.

"Bari in kwana da ita, 'yata."

A nan wani abu ya faɗo wa Auta. Duk amsar da aka taɓa ba ta, tsakanin tashin kasuwa ne da buɗewarta aka haife ta. To, wa ake gani a tsakanin?

Gari na wayewa ran Alhamis, ta laɓe bayan wani kiyos kusa da gidan Mai Atamfa. Ƙarfe goma sha biyu za ta shiga gaban malamai, kuma gurbin sunan mai bakin nan a takardarta fari fat. Matar ta fito, takarda ƙulle a bakin zani, ba ta nufi kasuwa ba. Auta ta bi ta daga nesa. Suka wuce masu faci, suka tsallake kwata, suka bi ta bayan makarantar firamare.

Sai matar ta karya kwana ta shiga layin su Auta.

Shi ke nan, an gan ta, ƙararta za a kai gida, a ce 'yar boko ta koma bin manya a lungu kamar ɓarauniya. Ta ɗaga ƙafa don ta riga ta ba da haƙuri.

Ta tarar an kashe inji. Mai Atamfa, shugabar kasuwa guda, tana durƙushe tana karanto takardar a hankali, sakatare na tsaye gefe ya cire tabarau.

"Ƙasa ga tsofaffi, to, sun fara hankali," in ji Inna. "Ku ce mun ji, ba mu karɓa ba tukuna." Sai ta ɗago ido. "A'a, kin iso? Ni na ce kada wadda ta nuna miki hanya, in karatun na gaskiya ne zai kawo ki. Jawo kujera, 'yar nan. Shekara ashirin ba a yanke magana a kasuwar nan sai an zo ƙofar nan, ke kina ɗauka markaɗe ake kawowa, kuma ba zan yi miki ragi don na haife ki ba."