Gona Mai Gawo Biyu

Gona ta goma sha ɗaya ke nan Balarabe ya tsaya a bakinta, ya ɗaga kyamara, ya sauke bai ɗauki komai ba. Geron ya yi, zangarniya kamar damtse, amma gawo ɗaya ne a cikinta. Ya tayar da babur ya ƙara gaba.

Kwana uku yana wannan yawo. Daga Tibiri, inda yake da ɗan shagon hoton fasfo da na biki, ya bi ta Cadawa, ya ratsa Agye, yanzu ga shi a ƙauyukan Gazawa. Bayansa ya ƙage, idanunsa sun yi ja, rairayi ya kayar da shi sau biyu. Duk inda ya tsaya sai masu girbi su ajiye aiki su zagaye shi, a zatonsu ma'aikacin furojen tallafin noma ne mai rubuta sunayen masu samun taki. Ya gaji da cewa a'a.

Wanda ya aiko shi ba mutum ne da ake yi wa aikin ganin ido ba. Ya san ƙasa, ya san launin rairayi, yana iya duban kara ya faɗi ranar da aka yi shuka. Hoto ɗaya kawai yake so, ya kuma ce kada a wuce Juma'a. Yau Alhamis.

Rana ta take tsaka sa'ad da ya hango irin gonar da yake nema. Gawo biyu kusa da juna, sun fara fitar da sabon ganye, ga suri daga gabas, ƙasar ta ɗan gangara zuwa fadama. Balarabe ya kashe babur, ya daɗe a zaune a kai kafin ya sauka.

Mai gonar, Hamisu, dogo ne siriri, bai wuce shekara talatin da biyar ba. Yana cikin ɗaurin dami ya miƙe suka gaisa. Balarabe ya dube shi sama da ƙasa har kallon ya so ya yi yawa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

“Hoton gona?” in ji Hamisu. “Mi za a yi da shi?”

“Wani ne ke son gani.”

Hamisu ya yarda, amma bai san aiki ya ɗauko wa kansa ba. Balarabe ya ce a janye amalanke, sabuwa ce. Ya ce a kori jan bijimi daga inuwa. Ya ƙirga dammunan da aka jera, ya ce sun yi yawa, a kwashe kamar goma a kai bayan suri. Shi da kansa ya kama ɗauka, gumi na zuba, ƙaiƙayi na cin wuyansa.

“To, na gane,” Hamisu ya ce yana dariya. “So kuke a ce yunwa muke, a aiko muku da taimako. In gero kake nema na gaske, ka yi yamma, wajen Gidan Sori. An ce ruwa ya yi masu kyau bana.”

“Ba ni zuwa can,” in ji Balarabe, bai ɗago ba.

Da aka gama, ya buɗe jakarsa ya fito da wata tsohuwar malafa da bakinta ya fara zarewa. Ya roƙi Hamisu ya sa, ya je can tsakanin gawon biyu, ya juya baya, ya sunkuya kamar yana ɗaure dami. Ya ce ya ƙara nisa. Ya ce ya ƙara kuma.

Ya ɗaga kyamara, ya leƙa. Ya sauke, ya share ido da gefen riga, ya sake ɗagawa. Sau ɗaya ya danna.

Hamisu ya ce ya tsaya ya sha fura. Balarabe ya yi godiya, ya karɓi malafar, ya kama hanya.

Washegari da hantsi ya wanke hoton babba a Maradi, ya wuce gida. Ƙanwarsa Lantana ce ta tare shi a zaure. Ta karɓi hoton ta duba, ta toshe bakinta da mayafi.

“Ki wanke fuska kafin ki shigo,” ya ce mata a hankali. “Kin ji abin da likita ya ce. Zuciyar ba za ta ɗauka ba.”

Mahaifinsu, Malam Tahiru, yana kwance inda yake tun bazara, lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye aka ɗauko shi daga ƙauyensu na wajen Gidan Sori. Balarabe ya durƙusa, ya tallafo kansa, ya riƙe masa hoton kusa da ido. Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya bi dammunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi.

“Alhamdu lillahi,” ya ce da harshensa mai nauyi. “Gonata ba ta kwana ba. Ga Sha'ibu can, ko juyowa bai yi ba. Ka ce masa in ya gama kai wa rumbu ya zo in gan shi, ya daɗe.”

“Zan faɗa masa, Baba,” in ji Balarabe, wanda wata huɗu da suka wuce ya saka ƙanensa Sha'ibu a kabari da hannunsa, ranar da 'yan bindiga suka same shi yana shuka, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake taka gonar.