Ƙorafi Ɗari Huɗu da Sha Biyu

"Wannan ba manhaja ba ce, azaba ce aka haɗa da harajinmu!" Abokin aikinmu, Herr Oltmanns, ya daki teburi har kofinsa ya zube.

Shekara biyu ke nan da gwamnatin jiha ta ɗora wa kwamfutocin ofishinmu manhajar da ta ƙera da kanta, wadda kowa ke iya leƙa cikinta ya gyara. Oltmanns bai taɓa gyara komai ba. Ƙorafi yake turawa shafinta kullum bayan abincin rana, da lamba, da kwanan wata, da zagi.

Ranar Talata shugabar ofis, Frau Tiedemann, ta aiko kiransa. Saura masa shekara uku ya yi ritaya. Muka ce kora ce, muka taru a bakin ƙofa don jajantawa.

"Ma'aikatar da ke kula da manhajar ta karanta duk abin da ka rubuta, Herr Oltmanns."

"Frau Tiedemann, ai zafin rai ne kawai..."

"Sun ce duk jihar nan babu wanda ya san manhajar kamarka. An ƙara maka girma. Daga yau kai ne mai amsa ƙorafi. Kowanne cikin kwana uku, kuma cikin ladabi."

Ya wuce mu yana hura hanci, ya zauna ya buɗe akwatin saƙo. Ƙorafi ɗari huɗu da sha biyu ke jiran amsa, kowanne ɗauke da sunansa a ƙasa, shi ya turo su.

Na farkon ya soma da cewa: "Zuwa ga jakin da zai karanta wannan."