Wanda Za Ta Kai Ƙara

"Wace jami'a zan sa miki a farko, Sakkwato, Zariya ko Kano?" in ji mai kwamfutar da ke yi wa ɗalibai rajistar JAMB a Anka.

Yarinyar da ke zaune gabansa ta ce Zariya, don ta ji lauyoyin can ba su da tsoro. Tun bazarar da gubar dalma ta shiga ƙauyensu Dareta ta ɗauke ƙannenta tagwaye take jiran wannan rana. Lokacin tana Gummi wurin goggonta tana firamare, ko gawarsu ba ta gani ba. Ta girma da alkawari guda: za ta karanta shari'a, ta tsayar da wanda ya kashe su gaban alƙali.

Inna, mahaifiyarta da ta rako ta, ta ja bakin hijabinta.

"Ɗiyata, sa wadda ta fi nisa."

"Don mi, Inna?"



"Babanki ya kawo duwatsun zinari gida, ni kuwa na daka su cikin turmin hura. Ƙannenki na rarrafe gabana, ƙurar na sauka bisa kansu. Wallahi ban sani ba. Amma in kin yi karatun nan, ba ni iya haɗa ido da ke kowane hutu."

Mai kwamfuta ya sunkuyar da kai. Yarinyar ta kama hannun Inna don ta lallashe ta, sai ta ji kantar taɓarya a tafin hannun.