Kwandon Da Ya Dawo Da Nauyi

In ka ce wa kare "zo" ya zo, maganarka ya ji, ko ƙanshin abin da ke hannunka ya biyo? Ni dai tambayar nan ta daɗe tana cina, kuma ga misalin da ya warware mini ita.

Wani mai lambun albasa ne a fadama, nesa da gari, yana da karen da ya raina tun yana kwikwiyo. Kalmomi kaɗan ya koya masa, amma kullum sai ya maimaita su, ba duka, ba tsawa. "Bari" na nufin kar ka taɓa, ko ƙashi ne a gabanka. "Kai gida" kuwa, in ya gama cin abincin rana sai ya miƙa masa igiyar kwandon da ya zo da abincin a ciki, kare ya ɗauka a baki ya kai wa matar gidan, ita kuma ta jefa masa ɗan abin da ya rage. Maƙwabcinsa mai lambun tumatir yakan yi dariya ya ce, "Malam, wannan ba Hausa yake ji ba, ƙanzo yake bi!"

Ran nan maƙwabcin ya tafi kasuwa, fadama ba kowa. Mai lambu na cikin ban ruwa kububuwa ta sare shi a ƙafa. Ya yi ihu, ba mai ji. Ya gwada tafiya, ƙafa ta ƙi. Ya ja jiki zuwa gindin mangwaro inda kwandon yake, ga dambu da soyayyen kifi ko buɗewa bai yi ba. Kare ya matso yana shinshina. Mutumin ya ce, "Bari. Kai gida." To dubi abin da ke gaban dabbar nan fa! Ladan da aka ce dominsa yake tafiyar ga shi a ƙarƙashin hancinsa, maigidan kuma ba shi da ƙarfin hana shi. Kare ya dubi kwando, ya dubi mutumin. Sai ya cafki igiya ya zura da gudu.

Matar ta ɗaga kwando ta ji nauyi, ta gane ba lafiya, don mijinta bai taɓa maido mata da girki ba. A hanya ta gyara mayafi. Ta kira ƙanen mijin mai babur, suka bi kare har gindin mangwaro, aka kai shi asibiti da sauran numfashinsa. Da maƙwabcin ya zo dubiya ya tarar da karen kwance a ƙofar gida, sai ya tsaya ya ce, "Sannu, mai jin Hausa."

Da sai a ranar mai lambu zai fara koyar da kalmomin nan biyu, da a gindin mangwaron za a tsinci gawarsa. Don haka in kana da kare, zaɓi kalma ɗaya yau ɗin nan ka fara, gobe ka maimaita. Ai Hausawa sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.