Jirgin da Tela Ya Saya

Tun daga yadda mutumin ya ƙwanƙwasa gefen jirgin Kafinta ya san Allah ya kawo masa kasuwa. Da ɗan yatsa ɗaya ya ƙwanƙwasa, a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai, sannan ya kara kunne ya gyaɗa kai. Tela ne, in ji shi. Abin awonsa ma na rataye a wuyansa, sai ka ce riga ya zo ɗinka wa jirgin.

Kwale-kwale uku ne a rumfar. Biyu lafiyayyu ne, an riga an yi cinikinsu. Na ukun, katakon ƙasansa ya tsage tun ranar lanƙwasa shi. Aikin mutum biyu ne, Kafinta kuma ya yi shi kaɗai, don ɗansa ya ajiye guduma ya bi masunta, sun rabu baram-baram. Mai tsoron Allah cire katakon zai yi. Shi kuwa garin katako da gam ya cusa a tsagar, ya malala kwalta, ya bi da shuɗin fenti.

Masunta sun zo sun duba. Kowanne ya kwanta ƙarƙashin jirgin, ya soka wuƙa, ya tashi ya kaɗe wandonsa ya tafi ko sallama babu. Sun ga abin da Kafinta ya sani sarai: jirgin zai yi ɗan lokaci a ruwa mai kwanciya, amma ranar da igiyar ruwa ta dake shi da kaya a ciki, buɗewa zai yi, wanda ke ciki kuma sai yadda Allah ya yi da shi. Wannan bai taɓa hana Kafinta barci ba.

Tela ya zo da 'yan dabarun da ya tsinta a bakin mutane. Ya ciro maganaɗisu daga aljihu, don an gaya masa ƙusar jirgi ta tagulla ce, ta ƙarfe tsatsa ke cinye ta. Ya bi layin ƙusoshin sama da shi, bai kama ba, ya yi murmushi. Layin sama kam tagulla ce. Na ƙasa, wanda kwalta ta rufe, ƙusar akwatin tumatir ce, Tela kuwa ba zai durƙusa ya ɓata farin wandonsa ba.

Ya sa aka zuba ruwa a ciki, ya tsaya yana jiran ɗigo. Ko ɗaya bai sauka ba. Ina zai sauka, bayan Kafinta ya yi kwanaki yana jiƙa jirgin har katako ya kumbura ya toshe kowace kafa? Kafinta ya naɗe hannu yana kallon ƙeyar mutumin, raini fal cikinsa. A ganinsa duk wanda ya shigo sana'ar da ba tasa ba da kuɗi a aljihu, shi ya jawo wa kansa.

Tela ya ce shi ɗan aike ne, ba shi zai shiga ba. Ya roƙi a ja mazaunin baya kaɗan, don mai jirgin dogo ne. Ya ce da ya so ya taho da wani masunci ya duba masa ƙasan, amma an hana shi.

“An ce kar in kuskura in kawo wani ya duba maka aiki. Wai raini ne.”

“Wanda ya faɗi haka ya san mutane,” in ji Kafinta, yana danne dariya.

Bai tambayi wane ne ba, bai tambayi wane ruwa ba. Da maganar kuɗi ce, da ya kasa kunne. Ya ja mazaunin, ya ƙara fenti inda ya kankare, har filafilin tuƙi ya ba da kyauta, irin kyautar da marowaci ke yi in ya san ya gama da mutum. Aka ɗora jirgin a babbar mota, Tela na ta godiya har da riƙe masa hannu biyu.

Kwanaki suka wuce, damina ta kankama, iska ta fara tashi da yamma. Kafinta ya ba abokan hirarsa labarin Tela da maganaɗisunsa har ya gundure su. A gida kuwa ya lura matarsa ta sake. Matar da tun tafiyar ɗanta ba ta yi masa doguwar magana ba, ga ta tana aiki tana waƙa. Ya ɗauka ta gaji da fushi ne, dama ya san za ta gaji.

Ran nan da la'asar, hadari ya haɗo, tana kwashe shanya, shi yana zaune yana yanke farce. Ta zo ta tsaya kansa da kaya a hannu, fuskarta cike da fara'a. Ta ce akwai abin da ta ɓoye masa, yau dai ba za ta iya riƙewa ba. Ta san ya rantse ko filafili ba zai sassaƙa wa yaron ba, shi ya sa ta sayar da 'yan kunnenta, ta roƙi Tela, mijin ƙawarta, ya je ya sayo masa jirgi a madadinta.

“Kar ka yi fushi, Malam. Ɗazu da safe ya kira ni, ya yi lodi ya shiga tsakiyar ruwa, inda waya ba ta kamawa. Na ce masa ya shiga da zuciya ɗaya, jirgin nan ubansa ne ya yi shi da hannunsa.”